Jari da hawa mataki a gasar kartar poka ta intanet: lissafin da nake sa matasa su yi

Daren wata Alhamis bayan isha'i, muna zaune a majalisarmu ta Ƙofar Marusa a Katsina, ƙanen wani abokina ya jawo ni gefe ya miƙo mani wayarsa. Ya shiga gasar poka ta dala 3.30, ya zo na huɗu cikin mutum ɗari tara da wani abu, an ba shi dala 180. Hannunsa har rawa yake. Ya ce, "Yaya, an ce ka daɗe a harkar nan. Akwai ta dala 22 ranar Lahadi. In shiga?"

Na daɗe ɗin kam. Daga 2019 zuwa farkon 2024 kusan kowane dare ina kan tebur, da rana kuma ina riƙe wa wani ɗan kasuwar hatsi littafin shige da fice, aikin da nake yi har yau. Na bar wasan. Caca ce, kuma hukuncinta a bayyane yake a Baƙara aya ta 219 da Ma'ida aya ta 90 da 91. Na faɗa mashi haka a daren, ya sunkuyar da kai ya ce ya sani. Duk yaron da ya taɓa zuwa wurina da wannan maganar ya sani. Abin da ban taɓa samun wanda ya iya ba a cikinsu shi ne lissafin da su kansu ƙwararrun wasan ke ɗaure kansu da shi. Shi zan shimfiɗa a nan yadda na yi aiki da shi, ba ragi ba ƙari, don wanda ya riga ya shiga ya auna kansa da mudun masu abin.

Ga wanda bai san tsarin ba: kowa na biyan kuɗin shiga iri ɗaya, a ba kowa kwabban wasa daidai wa daida. Akwai kuɗin dole da ake zubawa a kowane zagaye, kuma yana ƙaruwa bayan 'yan mintuna. Wanda kwabbansa suka ƙare ya fita. Cikin mutum ɗari, kimanin goma sha biyar ne ke samun wani abu, kuma mafi yawansu abin da suke samu bai wuce ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu na kuɗin shigarsu ba. Tsoka tana wurin mutum uku zuwa tara na ƙarshe. Kamfanin kuma ya riga ya cire la'adarsa tun kafin a raba kati: in ka ga gasar dala 11, dala 10 ce ke shiga tukunya, dala 1 tasa ce. Haka 3.30, haka 5.50, haka 22.

Ware jarin tukuna

Jari a wannan harka shi ne kuɗin da in sun ƙone ƙurmus yau da dare, gobe za a ɗora tukunya a gidanka, a biya kuɗin makarantar yara, kuma ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kuɗin cefane ba ya ciki. Kuɗin adashen da kwasarka ba ta zo ba, ajiyar wani, cinikin shagon maigida, bashin manhajar waya, duk ba sa ciki. Ka rubuta adadin a takarda. Kuma ka yanke tun yau cewa ba za ka ƙara ko sisi daga albashi ba in ya ƙare, don wanda ke cika jarinsa kowane ƙarshen wata ba shi da jari, rami yake da shi.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, in sun yi wa kansu gaskiya. Ɗalibin da ke jiran a turo mashi kuɗin abinci, adadin da zai rubuta sifili ne.

Ninki nawa ake buƙata

Ƙa'idar da aka fi ji ita ce kada kuɗin shiga gasa ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na jarinka. Wato ninki 100. Wannan mafi ƙaranci ke nan, kuma ya fi dacewa da ƙananan gasa masu mutum ɗari ɗaya ko ɗari biyu. In gasar ta mutum dubu ce zuwa sama, ana maganar ninki 200 zuwa 300. Waɗanda suka mai da abin sana'a da yawansu ba sa sakin jiki sai da 500. Gasar gaggawa, wadda kuɗin dole ke tashi kowane minti uku ko biyar, ita ma tana son jari mai kauri, don sa'a ta fi yin tasiri a cikinta.

Yaron nan yana da kimanin dala 200 gaba ɗaya. Ta dala 22 da yake hange, ninki tara ke nan. Ko ta 3.30 da yake ciki, ninki sittin kawai yake da shi. Wurin zamansa na gaskiya gasar dala 1.10 ce, in ya matsa 2.20.

Me ya sa adadin ya yi yawa haka? Nan ne nake so ka zauna da kyau, don duk sauran maganar a kansa ta ginu.

Ɗauki ɗan wasan da ke shiga cikin masu kuɗi sau 15 cikin 100. Yiwuwar ya yi gasa goma a jere bai ga ko kwabo ba ta kai kashi 20 cikin ɗari. Gasa ashirin a jere, kusan kashi 4. Talatin a jere, ƙasa kaɗan da kashi 1. Za ka ce ai wannan kaɗan ne. To amma wanda zai buga gasa dubu a shekara, ya fi kusa da ya gamu da irin wannan fari na talatin a jere a kan ya tsallake shi. Kuma farin rashin shiga kuɗi shi ne ƙarami. Babban shi ne ka yi ta samun ɗan ninki biyu nan da can, amma teburin ƙarshe ya ƙi zuwa wata uku, wata biyar. Jari na zuba a hankali kamar buhun da ɓera ya huda. Ƙwararru kan yi asarar ninki ɗari ko fiye a irin wannan lokaci ba tare da wasansu ya lalace ba.

Dubi kuma cikin gasa ɗaya. Hannu mafi ƙarfi shi ne katin A guda biyu, kuma sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. In ka tura kwabbanka duka da shi, abokin karawarka na riƙe da K biyu, kai ke da nasara kimanin sau 82 cikin 100. Sau 18 kuwa ka tashi. Kafin ka ratsa mutum dubu sai ka tsallake irin wannan karo sau da dama. A ce sau biyar, kuma kowane karo kai ke gaba da kashi 80. Ka ninka 0.8 sau biyar, abin da zai fito bai kai kashi 33 ba. Ka yi komai daidai, kati ya so ka kowane karo, duk da haka sau biyu cikin uku kana waje. Ninki ɗari biyun nan, kuɗin jure wannan ne.

Yanzu mai da shi naira. A ce dala tana 1,500. Ninki 200 na gasar dala 1.10 dala 220 ne, naira 330,000, kusan albashin wata biyar na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000. Na gasar 5.50 dala 1,100 ne, naira miliyan ɗaya da dubu 650. Na gasar 11 ya kai miliyan uku da dubu ɗari uku. Na gasar 22 da yaron ke so, miliyan shida da dubu ɗari shida. Da na rubuta mashi wannan a bayan takardar rasit, ya daɗe yana kallonta.

Abu biyu da ake mantawa. In gasa ta yarda a sake shiga bayan an fita, kowace sake shiga sabon kuɗin shiga ce, ka ƙidaya ta. Sannan in kana haɗa gasa masu farashi daban-daban, matsakaicinsu za ka duba: ka tara abin da ka biya a mako, ka raba da yawan shigar da ka yi. Mutum zai ce maka shi ɗan dala uku ne, amma kowace Lahadi yana jefa 22 sau biyu. In ya buga ashirin na 3.30 da biyu na 22, matsakaicinsa dala 5 ne cif, kuma kashi 40 na kuɗin makonsa a gasa biyun nan suka tafi.

Littafi

Sayi littafin rubutu mai layi, irin na 'yan makaranta. Kowace shiga layi ɗaya: kwanan wata, kuɗin shiga, yawan mutane, matsayin da ka fita, abin da ka samu, awa nawa ka zauna. A rubuta a daren, kafin a kwanta. Zuciya tana riƙe daren da ka zo na huɗu, ta zubar da darare arba'in da ka fita hannu rabbana, shi ya sa ba a dogara da ita.

Ribarka ita ce abin da ka samu, a cire abin da ka biya, a raba da abin da ka biya. Wanda ya kashe dala 1,000 ya samu 1,150, ribarsa kashi 15 ce. Amma wannan adadi ba ya faɗin komai a gasa hamsin ko ɗari. Sai ka haura dubu kafin ya fara kama da gaskiya, a manyan gasa ma dubun ba ta isa. Ga wani gwaji da nake so ƙwarai: ka cire babbar nasararka guda ɗaya daga lissafin ka sake tarawa. In riba ta koma asara, ba ka da hujjar cewa ka fi teburin ƙarfi tukuna.

Nawa littafin ga abin da ya nuna. Shiga 3,100 a cikin wata hamsin da ɗaya, matsakaicin dala 4.40. Na biya 13,640, na karɓi 14,900. Riba dala 1,260, kashi 9 cikin ɗari, kimanin dala 25 a wata. A cikin wannan akwai dare ɗaya da na ci 1,400. Cire shi, ina ƙasa. Kuma ni ina cikin waɗanda suka kiyaye ƙa'ida, ban taɓa karya jarina ba ko sau ɗaya.

Yadda ake hawa

Sharaɗi biyu ne, kuma sai sun haɗu. Jari ya kai ninkin da ake buƙata a mataki na gaba, littafi kuma ya nuna riba a matakin da kake a kan shiga ɗari biyar aƙalla, dubu ta fi. Kuɗin da suka zo dare ɗaya suna cika sharaɗi na farko kawai. Yaron da ya ci dala 1,000 jiya, wasansa na yau shi ne wasansa na shekaranjiya.

Ba a tsallake mataki. Daga 1.10 sai 2.20 ko 3.30, sai 5.50, sai 11, sai 22. Kuma ba a kwashe kaya gaba ɗaya a koma sama. Ka bar kashi huɗu cikin biyar na wasanka a inda ka saba, kashi ɗaya ka ɗanɗana na gaba. Ka zaɓi masu mutane kaɗan da lokaci mai tsawo, ka rage yawan teburan da kake buɗewa a tare don ka ga yadda mutanen wurin ke wasa. Za ka tarar sun fi matsa maka, ba sa barin kuɗin dolensu a banza, kuma masu zubar da kwabbai sakaka sun ragu. Ribar kashi 20 a gasar dala uku tana iya zama kashi 5 a ta dala 22, ko ta ɓace.

Kafin ka taka, ka ware adadin gwaji, a ce ninki goma sha biyar na sabon matakin, ka rubuta layin da in jari ya sauko kansa za ka koma ƙasa. Misali kana da dala 1,200, kana son gwada 5.50 daga 3.30. Ka rubuta: in na sauko 1,100, na koma. A rubuta shi da rana, ido biyu, ciki a ƙoshe. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙarfe biyun dare bayan an fitar da kai da A biyu ba lokacin yanke shawara ba ne.

Akwai gasar share fage, inda ake shiga da kuɗi kaɗan a ci tikitin babbar gasa. Ta nan Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee ta Amurka, ya samu kujerar dala 10,000 a babbar gasar World Series of Poker ta 2003 a Las Vegas, ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Labarinsa ne ya cika shafukan poka da mutane, kuma har yau shi ake sayar wa sababbi. Abin da zan ce game da share fage shi ne ka ƙidaya duk abin da ka kashe wajen neman tikitin. In ka yi ta shiga ta dala 2.20 har sau goma sha biyu kafin ka ci tikitin dala 22, ka saye shi da 26.40.

Wanda ya nuna ƙa'idar a aikace shi ne Chris Ferguson, zakaran gasar duniya ta 2000. Ya fara daga sifili da gasar kyauta a shafin Full Tilt Poker a 2006, da sharaɗin ba zai sa fiye da kashi 2 na jarinsa a babbar gasa ba, ko fiye da kashi 5 a tebur guda. Ya kai dala 10,000, amma sai da ya haura shekara, kuma watanni da dama na farko a neman dala ɗari ta farko suka tafi. Zakaran duniya ke nan, mai digirin digirgir a ilimin kwamfuta.

Saukowa

Sauka ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba. Wanda ya saba ganin dala 2,000 a matsayin kyautar na ɗaya, in ya koma inda ake ba da 300 sai ya ji kamar an mai da shi aji ɗaya. Sai zuciya ta ce ka ƙara guda ɗaya a sama ka fanshe. Duk wanda na sani ya karye a harkar nan, wurin fanshewa ya karye. Maganin da na yi amfani da shi: layin saukar da na rubuta ba a tattauna shi, kuma akwai iyakar dare. Shiga goma na ƙayyade wa kaina, in sun ƙare na kashe kwamfuta ko da ƙarfe tara ne. Shafukan da ke da lasisi suna da wurin da za ka sa wa kanka iyakar kuɗin da za ka zuba a mako, da wurin kulle asusunka na wata ɗaya, wata shida ko har abada. Ka sa iyakar tun ranar farko.

In ka kama kanka kana ɓoye wa matarka ko mahaifiyarka adadin, ko ka ci bashi, ko ka sayar da waya ko babur, maganar mataki ta ƙare. Kulle asusun, ka faɗa wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, ka ba shi katin bankinka ya riƙe maka na ɗan lokaci.

Akwai kuma masu cewa za su ɗauki nauyinka, su biya kuɗin shiga a raba riba. A tsarin da aka saba, duk asarar da ka yi tana taruwa a kanka, ba za ka ga kwabo ba sai ka cike ta. Da abin da na faɗa a sama game da fari, kana iya yin wata shida kana yi wa wani aikin dare kyauta. Ban taɓa shiga ba, kuma ba na ba kowa shawara.

Abin da littattafan Turawa ba su lissafa mana ba

Ƙa'idar ninki ɗari an yi ta ne don wanda wutarsa ba ta ɗaukewa. A Katsina dole ka ƙara wasu layuka. In sabis ya yanke kana tsakiyar gasa, kuɗin dole na ci gaba da cin kwabbanka har su ƙare, ba mai jiranka. Na taɓa rage mu goma sha huɗu cikin mutum sama da dubu, hadari ya taso, wuta ta tafi, sabis ya bi ta. Kafin in tada janareta in dawo, an fitar da ni a matsayi na goma sha ɗaya. Tun daga nan nake lissafa data ta layi biyu da man janareta a cikin kuɗin wasa, kuma bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 wannan layin ya ninka fiye da sau biyu.

Sai canji. Jarin da dala yake, rayuwarka da naira. Kana sayen dala da tsada, ka sayar da araha, kowace shiga da fita ana gutsurar wani abu. Dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Mai kuɗi a ciki ya ji daɗi, mai cikawa daga albashi kuwa gasar dala biyar ta koma mashi ta goma sha biyar ba tare da ya hau ko mataki ɗaya ba.

Kada kuma ka bar jarin duka a hannun kamfani. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin intanet na shafukan poka uku, PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker. Daga baya masu gabatar da ƙara suka ce 'yan wasa na bin Full Tilt kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Sai da PokerStars ya saye shi a 2012 aka fara biyan mutane, 'yan Amurka kuma suka jira har 2014. Waɗannan suna da kotu da lauyoyi a kusa. Kai da ke Sabuwar Unguwa, a jihar da ke aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, wurin wa za ka kai ƙarar kuɗin caca?

Sai lokaci, wanda shi ya fi ci mani rai. Manyan gasa da yammacin Turai ake fara su, agogonmu kuma kusan ɗaya ne da nasu. Wadda ta fara ƙarfe bakwai ko takwas, in ka yi nisa, sai uku ko huɗun dare. Daren da ka yi wasa mai kyau shi ne daren da asuba za ta kuɓuce maka. Da na tara awannin littafina sun kai 2,500. Dala 1,260 a kan awa 2,500, rabin dala ke nan a awa, kafin a cire data da mai da canji. Da na cire su, ba abin da ya saura.

Duk ƙa'idojin nan daga lissafin wani masani suka samo tushe, John Kelly, wanda ya wallafa shi a 1956. Lissafin na faɗa maka kaso nawa na jarinka ya kamata ka sa gwargwadon fifikon da kake da shi a kan abokan karawa. In fifikon ya yi yawa, kason ya ƙaru. In fifikon sifili ne ko ƙasa da haka, amsar da yake bayarwa sifili ce. Tunda kamfani na cire kusan kashi tara ko goma daga kowace shiga, matsakaicin ɗan wasa yana ƙasa da sifili tun kafin ya ga katinsa. Riƙon jari ba ya mai da mai faɗuwa mai riba, jinkirta ƙarewar kuɗin kawai yake yi. Ranar da na sa adadina na gaskiya a wannan lissafi, da kuɗin mai da komai, na fitar da abin da ya rage, na kulle asusun, na je wurin malaminmu na tambaye shi yadda zan yi da kuɗin.

Wani abokina ya ce mani koya wa yara wannan lissafi kamar gyara masu hanya ne. Na juya maganar sosai, don ba ƙaramar magana ba ce. Abin da na gani da idona shi ne yaron da aka ce wa bari kawai yakan koma ɗaki ya ci gaba a ɓoye, wanda aka sa ya riƙe littafi kuwa yana dawowa da shi, kuma a nan ake samun bakin yi mashi magana.

Ƙanen abokin nawa bai shiga ta dala 22 ba ranar Lahadin. Bai kuma bari ba tukuna. Na saya mashi littafi mai shafi tamanin a babbar kasuwa, na ja mashi layukan da hannuna, na ƙara biyu a ƙarshe, ɗaya na data da caji, ɗaya na lokacin da ya kwanta. Shekaranjiya ya ce mani ya kai layi na 140, dala 200 ɗin ta koma 131. Mun yi da shi in ya kai layi na 300 zai kawo mani littafin shago bayan la'asar, mu zauna mu tara tare.